Maulana Abul Kalam Azad, Tsakanin Alƙalami da Kujerar Mulki

Aikin edita da aikin ɗan siyasa sun yi kama da juna ga wanda ya hango su daga nesa, domin dukansu biyu da magana su ke neman jama'a. Amma in an matso kusa sai a ga bambancinsu. Edita yana zaune cikin ɗakinsa, ya rubuta abin da ya ga shi ne daidai, wanda ya so ya saya, wanda ya ƙi ya bari. In mutum ɗaya cikin goma ya yarda da shi, jaridarsa ta ci kasuwa. Ɗan siyasa kuwa, in bai sami shida cikin goma ba ya faɗi, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana. Cikin mutanen ƙasar Indiya da suka tashi daga teburin jarida suka shiga siyasa, kaɗan ne labarinsu ya cancanci a auna shi kamar na Maulana Abul Kalam Azad. Da alƙalami ya farkar da Musulmin ƙasarsa, sa'an nan da ya zama shugaba ya kira su, mafi yawansu suka ƙi binsa. Abin da mu ke so mu bincika a nan shi ne yadda haka ta faru, da kuma kason laifin da ya ke nasa a ciki.

An haifi Azad a Makka cikin 1888. Ubansa, Maulana Khairuddin, malami ne mutumin Indiya, shehin ɗariƙa mai muridai da yawa, uwarsa kuwa Balarabiya ce. Yana ƙaramin yaro aka komo da shi Kalkata, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin Ingilishi a Indiya. A gida ya yi karatunsa, Larabci da Farisanci da Urdu, fiƙihu da hadisi da manɗiƙi, ya sauke littattafan da manya ke fama da su tun bai yi gemu ba. Daga baya ya sami rubuce-rubucen Sayyid Ahmad Khan, wanda ya kafa makarantar Aligar don koya wa Musulmi ilmin zamani, suka rikita masa tunani, har ya shiga kokanto mai tsanani kafin ya komo ga imani ta hanyar binciken kansa. Sunan nan Azad laƙabi ne da ya zaɓa wa kansa, ma'anarsa ɗa, wanda ba ya cikin ƙangin kowa. Da ubansa ya rasu cikin 1908 bai zauna kan buzunsa ya riƙe muridai ba, ko da ya ke abin da jama'a ke jira ke nan. Ya riga ya ɗanɗani aikin jarida, domin tun 1903, yana da shekara wajen 15, ya fara buga wata mujalla mai suna Lisan-us-Sidq.

Ran 13 ga Yuli 1912 ya fito da jaridar da ta yi masa suna, Al-Hilal, da harshen Urdu, mako-mako. Kafin a gane ƙarfinta sai a san halin da ta tarar. Tun bayan tawayen 1857 manyan Musulmin Indiya suna bin shawarar mutanen Aligar, watau a yi biyayya ga Turawa, a nemi ilmi da aikin gwamnati, a nisanci jam'iyyar Kongares da ke neman mulkin kai. Amma cikin 1911 abubuwa biyu suka girgiza wannan ra'ayi. Gwamnati ta soke rabon da ta yi wa jihar Bengal cikin 1905, wanda Musulmin gabashin jihar ke ganin ya amfane su, kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, garin nan da fataken Kano suka sani tun da daɗewa, ta ƙwace shi daga hannun Turkawa. Shekara ta zagayo ƙasashen Balkan su ma suka tasam ma Turkiyya. Matasa masu karatu suka fara tambaya, wace riba biyayya ta jawo? A daidai wannan gaɓa Al-Hilal ta iso.

Ko a ido ta bambanta da sauran. Jaridun Urdu na zamanin da hannu a ke rubuta su a buga da dutse, ita kuwa da baƙaƙen ƙarfe aka shirya ta, ga hotunan yaƙi da na shugabannin Turkawa. Salon rubutun ya fi kome jan hankali. Urdu ne wanda aka cika da Larabci da Farisanci, jimloli dogaye masu hawa da sauka kamar huɗuba, aya na bin aya, kuma editan ba ya roƙon mai karatu ya yarda da shi, umurni ya ke ba shi. Shi da kansa ya ce jaridar ta kai ana sayar da kofe 26,000 a mako, abin da ba a saba gani ba ga jaridar Urdu. Gwamnati ba ta yi barci ba. Bisa dokar maɗaba'a ta 1910 ta nemi ya ajiye jingina rupi 2,000, daga baya ta cinye ta nemi 10,000, kuma da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi aka rufe jaridar a ƙarshen 1914. Ya sake fitowa da wata mai suna Al-Balagh cikin 1915, ita ma ba ta wuce 'yan watanni ba. Cikin 1916 aka kore shi daga Bengal, aka tsare shi a garin Ranci har farkon 1920. Ashe duk sunan da ya yi a jarida, a kan aikin da bai cika shekara uku ba ya tsaya.

Yabon da Al-Hilal ta cancanta ba a ja da shi. Ta cire wa Musulmi tsoron faɗin albarkacin bakinsu, ta jawo malaman addini daga zaure ta sa su cikin sha'anin ƙasa, ta nuna cewa neman 'yanci bai saɓa wa imani ba. Amma ya kamata mu duba da wane suna ta kira su. Koyarwarta ita ce siyasa da addini abu ɗaya ne, Musulmi ba ya bukatar bin sawun Bature ko na Bahinde, Alƙur'ani ya ishe shi jagora. Da sunan Musulunci ta tashe su, kuma da labarin 'yan'uwansu na Tarabulus da Istambul ta zuga su, fiye da labarin maƙwabtansu na kauyen Bihar. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Bayan shekara talatin, sa'ad da Azad ya so mutanen nan su ɗauki kansu 'yan Indiya tare da kowa, sai ya tarar darasin farko ya fi kama su, kuma waɗansu ne dabam ke cin amfaninsa.

Akwai wani abu ma da ya fi wannan nauyi. Da aka sake shi cikin 1920 ya sadu da Gandi, ya shiga gwagwarmayar kare halifancin Turkiyya, wadda aka haɗa da ƙin ba gwamnati haɗin kai. Cikin zafin wannan shekara ya ba da fatawa mai goyon bayan yin hijira daga Indiya. Gaskiya ne ya gindaya sharaɗin a yi ta da tsari, kuma ba shi kaɗai ya yi magana a kai ba, amma talaka ba ya karanta sharaɗi. Dubban manoma daga Sind da iyakar arewa maso yamma suka sayar da gonaki da dabbobi a banza suka nufi Afganistan, Sarkin ƙasar ya rufe iyaka, da yawa suka mutu a hanya, sauran suka komo hannu wofi. Nan ne mu ke ganin haɗarin halin edita in ya shiga siyasa. Jimla mai ƙarfi a takarda ba ta kashe kowa, amma in ta fito daga bakin wanda a ke bi, sai wani ya sayar da sansa a kanta.

A gefe guda kuwa, shekarun nan sun nuna jaruntakarsa. Da aka kama shi a ƙarshen 1921 aka tuhume shi da zuga jama'a, bai yi musu ba. Ya miƙa wa alƙali bayani a rubuce, wanda aka buga da sunan Qaul-e-Faisal, ya amsa laifin yana alfahari da shi, aka ɗaure shi shekara guda. Cikin 1923, yana da shekara 34, ya shugabanci taron Kongares na musamman a Delhi, babu wanda ya taɓa hawa kujerar da ƙuruciya irin tasa. A nan ya bayyana cewa ko da za a ba Indiya mulkin kai cikin kwana ɗaya bisa sharaɗin ta bar haɗin kan Hindu da Musulmi, shi ba zai karɓa ba. Hujjarsa daga addini ya ɗauko ta, watau yarjejeniyar Madina wadda ta haɗa Musulmi da Yahudawa cikin al'umma guda ta zaman tare. A kan wannan ra'ayi ya tsaya har mutuwarsa, bai taɓa juyawa ba. Sai dai cikin 1924 Mustafa Kamal ya soke halifancin da a ke ta faɗa dominsa, igiyar da ta ɗaure Musulmi da Kongares ta tsinke, rigingimun addini suka yawaita. Azad ya sake ta da Al-Hilal cikin 1927, ta yi wata shida ta mutu. Kasuwar ta riga ta watse.

Daga nan alƙalaminsa ya koma ga aikin da ya fi ƙauna, fassara da sharhin Alƙur'ani da Urdu, Tarjuman al-Qur'an, juzu'i na farko cikin 1931, na biyu cikin 1936. Mai karatu zai yi mamakin yadda salonsa ya sauya. Tsawar nan ta Al-Hilal ta kwanta, harshen ya yi sauƙi, kuma doguwar tattaunawarsa a kan Fatiha ta karkata ga rahamar Ubangiji da kasancewar asalin addini ɗaya ne a wurin annabawa duka. Waɗansu malamai suka soke shi, suna cewa ya sassauta iyakar da ke tsakanin addinai don ya daɗaɗa wa abokan siyasarsa. Wannan suka ta yi tsanani, domin ra'ayin ya girmi siyasar. Sukar da ta fi dacewa ita ce bai gama aikin ba, ya tsaya wajen Suratul Muminun. Siyasa ta cinye malamin, kuma ba mu tabbata abin da ta biya ya kai abin da ta ci ba.

Cikin Maris 1940 ya sake hawa kujerar shugaban Kongares, ya riƙe har 1946. A jawabinsa na Ramgar ya ce yana alfahari da zamansa Musulmi mai gadon shekara 1,300, yana kuma alfahari da zamansa Ba'indiye, kuma ginin ƙasar ba ya cika in babu shi. Cikin wannan wata ɗin jam'iyyar Muslim Lig, ƙarƙashin Muhammad Ali Jinna, ta zartar a Lahor cewa Musulmi na neman ƙasa tasu dabam. Jinna ya ƙi ko tattaunawa da Azad, ya kira shi ɗan kwalliyar da Kongares ta ajiye don a gani. Ga abin al'ajabi. Jinna lauya ne mai kwat da nakataye, mafi yawan jawabansa da Ingilishi, bai taɓa da'awar malanta ba. Azad kuwa haifaffen Makka ne, mai tafsiri, sarkin masu magana da Urdu. Amma a zaɓen ƙarshen 1945 Lig ta cinye dukan kujeru 30 da aka keɓe wa Musulmi a majalisar tsakiya, ta kuma kwashe mafi yawan na jihohi cikin 1946. Ko da ya ke masu dukiya da masu ilmi kaɗai ke jefa ƙuri'a a lokacin, hukuncin a fili ya ke.

Me ya jawo haka? Dalili na farko shi ne Jinna ya yi magana a kan abin da ke damun mutane. Musulmi wajen kashi ɗaya ne cikin huɗu na jama'ar ƙasar, suna tsoron in Turawa sun tafi za a danne su da ƙuri'a a kan aiki da makaranta da harshe. Azad ya ce musu al'umma mai yawa irin wannan bai kamata ta ji tsoro ba. Magana ce mai daraja, amma mai jin tsoro jingina ya ke nema, ba wa'azi ba. Dalili na biyu halinsa ne. Mutum ne mai son kaɗaici, mai tashi da asuba ya haɗa shayinsa ya buɗe littafi, ba ya son cinkoso, ba ya yawon ƙauyuka, bai kafa rassa ko ya reni mataimaka ba. Edita ya saba a zo a saya, bai saba bin mutane gida gida ba, alhali kuwa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Dalili na uku ya shafi 1937, sa'ad da Kongares ta ci zaɓe a Jihohin Haɗaka, watau Uttar Pradesh ta yanzu, aka yi maganar shigar da Lig cikin gwamnati. Azad ne ya yi cinikin, kuma sharuɗɗan da aka miƙa sun nemi 'yan Lig su narke cikin Kongares a majalisa. Cinikin ya watse, kuma masu tarihi da yawa na ganin daga nan ne Musulmin jihar suka fara juya baya.

Duk da haka ya kusa tsirar da ƙasar. Bayan ɗaurin da aka yi masa daga 1942 zuwa 1945, shi ya wakilci Kongares gaban ministocin da Ingila ta aiko cikin 1946. Shirin da suka kawo ya yi kusa da nasa tunani: Indiya ta zauna ɗaya, gwamnatin tsakiya ta riƙe tsaro da harkokin waje da hanyoyin sadarwa kaɗai, sauran iko ya koma jihohi, a kuma tara jihohin rukuni uku yadda Musulmi za su yi rinjaye a biyu. Lig ta karɓa. Amma Azad ya riga ya bar kujera ga Nehru, shi kuwa Nehru ran 10 ga Yuli ya gaya wa 'yan jarida a Bambai cewa Kongares na da ikon sauya shirin. Lig ta janye, ran 16 ga Agusta jini ya kwarara a Kalkata, bayan shekara guda aka raba ƙasar. Fiye da mutum miliyan goma suka bar gidajensu, dubu ɗaruruwa suka hallaka. Azad bai yi murabus ba. Za a iya ganin laifinsa a nan, amma ya kamata a tuna miliyoyin Musulmi sun rage a Indiya cikin firgita, kuma cikin Oktoba 1947 shi ne ya tsaya a babban masallacin Delhi ya hana su gudu. Da ya fita, da ba su da kowa kusa da Nehru da ya kai shi.

Ya riƙe Ma'aikatar Ilmi daga 1947 har rasuwarsa. A zamaninsa aka buɗe babbar makarantar fasaha ta Karagpur cikin 1951, aka kafa hukumar kula da jami'o'i, da majalisar adabi cikin 1954, da ta kiɗa da wasan kwaikwayo, da ta zane, da hukumar hulɗar al'adu da ƙasashen waje cikin 1950. Waɗannan duk sun amfani Indiya ƙwarai. Amma tsarin mulkin 1950 ya yi alkawarin ilmi kyauta kuma tilas ga kowane yaro har shekara 14 cikin shekara goma, alkawarin bai cika ba. Masu iya karatu kamar 18 ne cikin ɗari a ƙidayar 1951, a ta 1961 kamar 28, kuma sai 2009 aka yi dokar da ta mai da ilmin yara hakki. Yana da hanzari, domin makarantu a hannun jihohi su ke, kuɗi kuma kaɗan ne. Amma jerin ayyukan nan ya nuna inda zuciyarsa ta karkata, ya gina soro kafin harsashi ya yi ƙarfi. Kuma yana kan kujera Urdu, harshen da ya yi masa suna, ya rasa matsayinsa a Uttar Pradesh, aka bar Hindi kaɗai.

Littattafansa biyu na ƙarshe su ne ma'aunin da ya fi dacewa da shi. Ghubar-e-Khatir wasiƙu ne da ya rubuta wa wani abokinsa daga kurkukun Ahmadnagar, ba a aika da su ba sai aka buga su cikin 1946. Babu siyasa a ciki. Akwai shayi, da gwarare da suka yi sheƙa a ɗakinsa, da kiɗa, da hujjar samuwar Allah, da rasuwar matarsa Zulaikha cikin 1943, wadda ya ƙi roƙon gwamnati ta sake shi ya je ya gan ta. Masana Urdu na lissafa shi cikin mafi kyawun zubensu, kuma a nan ne mutumin ya ke sosai. Ɗayan kuwa, India Wins Freedom, ya faɗa ne sakatarensa Humayun Kabir ya rubuta da Ingilishi, aka buga cikin 1959. Littafi ne mai amfani, amma mai karatu ya yi hattara, domin kusan ko'ina marubucin ne mai gaskiya waɗansu ne masu kuskure. Ya ɗora wa Nehru laifin 1937, bai tsaya kan nasa hannu a cinikin ba. Shafi 30 da suka fi zafi, inda ya ɗora wa Patel babban kaso na laifin rabon ƙasa, ya kuma kira miƙa kujera ga Nehru babban kuskurensa, ya sa aka kulle su shekara 30, sai 1988 aka buɗe. Saurayin da ya faɗa wa alƙalin Bature gaskiya ido da ido ya zama dattijon da ya jinkirta gaya wa abokansa tasu har sai da kowa ya mutu. Wannan shi ne ihu bayan hari.

To, in an tara an auna, me za a ce? Hangensa ya fi na abokan hamayyarsa nisa. Ya ce rabon zai raunana Musulmin da suka rage, ya kuma ce addini kaɗai ba zai riƙe gabas da yammacin Pakistan ba, ga shi kuwa cikin 1971 gabashin ya ɓalle ya zama Bangaladash. Amma hange rabin aikin shugaba ne, sauran rabin shi ne ya kai mutane inda ya hango, kuma a wannan Azad ya kasa, wani ɓangare saboda zamani ya fi ƙarfinsa, wani ɓangare saboda bai taɓa barin halin edita ba. Wanda duk ke riƙe da alƙalami yana sha'awar kujera, ya kamata ya karanta labarin nan sau biyu, ya lura da irin sunan da ya ke kiran jama'a da shi tun da fari, domin da shi za su amsa ko bayan ya sauya ra'ayi. Azad ya rasu ran 22 ga Fabrairu 1958, aka binne shi a Delhi, a filin da ke tsakanin babban masallaci da tsohuwar fadar sarakunan Mugal. Cikin 1992 Indiya ta ba shi lambar girmanta mafi girma, kuma ranar haihuwarsa, 11 ga Nuwamba, ita ce ranar ilmi a ƙasar.